Damargu a Kan Allon Jan Ƙarfe

Lacca kan tara tsofaffin taswirorin ƙasarmu, wadda aka gabatar a Tanut

 

Mai girma Perfe, mai girma Magajin Gari, Allah ya taya ku riƙo. Sarakunanmu na gari da na daji, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, barkanku da fitowa. 'Yan'uwa da suka taso tun asuba daga Gangara da Ollelewa da Falanko da Tenhiya, da mutanen Balbeji da na Tarka, sannunku da hanya. Ku kuma 'yan makaranta da kuka cika bayan zaure, ku kasa kunne da kyau, don rabin maganar nan taku ce.

An nemi in yi magana a kan abin da ba a saba ji a taro irin wannan ba, wato tara tsofaffin taswirori, musamman waɗanda aka sassaƙa da hannu a kan ƙarfe kafin a buga su a takarda. A Ingila wannan tsohuwar sha'awa ce. Tun 1579 wani mai awon ƙasa, Christopher Saxton, ya fitar da kundin taswirorin gundumomin Ingila da Wales. A 1611 zuwa 1612 John Speed ya biyo baya da nasa, mai zanen birane a kusurwa da tamburan manyan gidaje a gefe. Har gobe, Bature yakan nemi taswirar gundumar kakanninsa, ya saya da tsada, ya sa mata gilashi, ya rataye a ɗakin baƙi. Faransawa ma suna da kundin Victor Levasseur na shekarun 1840, kowace gunduma da shafinta, an kewaye ta da zanen amfanin gonarta da fitattun mutanenta.

To mu fa, ina tamu? A zamanin da wannan sana'a take tashe babu gundumar Tanut, balle ta Balbeji wadda sai a 2011 aka ɗaga ta ta tsaya da ƙafarta. Akwai Damargu dai, rumbun hatsin Abzin, zangon ayari tsakanin Agadas da Kano. A tsofaffin takardun nan Damargu tana fitowa ne a gefen hanyar matafiyi: siririn layi ya gangaro daga arewa, sunayen garuruwa da rijiyoyi suna rataye a jikinsa dama da hagu, sauran wurin kuma fari fat. Saboda haka mai tara taswirar Damargu tsintar guntaye yake yi, daga littafin wannan da kundin wancan. Abin da nake so in tabbatar muku a yau shi ne, guntayen nan namu ne. Ilmin da ke cikinsu daga bakin kakanninmu ya fito, aka ɗauke shi a bayan raƙumi zuwa Turai, aka tsaga shi a kan ƙarfe. Ya kamata ya dawo gida, a karanta shi a gaban waɗanda suka gaji masu shi.

Bari in fara da yadda ake yin ta, don wanda bai san wahalar abu ba ba ya sanin darajarsa. Mai sassaƙa yakan sami allon jan ƙarfe, a goge shi har ya yi sheƙi. Sai a kwafi zanen a kai, amma a juye, dama ta koma hagu, kamar yadda ake yanka hatimin alƙali a juye don ya fito daidai a takarda. Daga nan ya ɗauki ɗan ƙarfe mai tsini, ɗan'uwan kurfin maƙera, ya dinga tura shi da tafin hannu yana tsaga layi ɗaya bayan ɗaya. Kowane harafi na kowane suna a juye ake yanka shi. Dutse kuwa da ɗaruruwan gajerun tsage ake nuna shi, inda gangaren ya yi tsanani a matse su, inda ya kwanta a sassauta. Babban allo ɗaya kan ci watanni, kuma sau da yawa hannu fiye da ɗaya ke aikinsa: mai layuka daban, mai duwatsu daban, mai rubutu daban. In an gama, a shafe allon da tawada mai kauri, a goge samansa tas har tawadar ta rage cikin tsagogi kaɗai, a ɗora takarda mai ɗan laima, a bi da su cikin injin matsi. Takardar ce ke shiga tsagar ta tsotso tawadar. Kowane bugu ɗaya sai an sake shafawa an sake gogewa. Launi kuma da hannu ake bi a sa shi daga baya.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu kai tsaye. Jan ƙarfe yana karɓar gyara. In sabon labari ya zo cewa gari kaza ba nan yake ba, sai a bubbuge wurin ta bayan allon, a daidaita, a goge, a sake yanka. Shi ya sa za ka sami taswira iri ɗaya daga gidan bugu ɗaya, amma bugun bana ya bambanta da na shekara goma baya. Gidan Justus Perthes na garin Gotha a Jamus, mai kundin Stieler da aka fara fitarwa a 1817, haka ya yi ta gyaran allunansa na Afirka duk tsawon ƙarni na 19. Wanda ya jera bugu-bugun nan a tabarma ɗaya zai ga da idonsa lokacin da ƙasarmu ta shiga sanin mutanen Turai, da yadda sunayenta suka yi ta ƙaruwa.

Kafin wannan lokaci me ke akwai? In kun sami taswirar Afirka ta Ortelius ta 1570, ko ta gidan Blaeu na Amsterdam a ƙarnin da ya biyo, za ku ga Agadas da Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara, a rubuce da wata irin ƙa'ida, an watsa su kusa da wani kogi da aka ja daga gabas zuwa yamma. Sunayen daga littafin Hasan al-Wazzan aka ɗebo su, Bamagriben da Turawa ke kira Leo Africanus, wanda aka buga a Venis a 1550. Masu zanen ba su taɓa taka ƙasar ba, suna kwafar juna ne. A nan zan ja kunnen mutanen Gangara: a waɗannan takardu akwai wata ƙasa da aka rubuta Guangara. Ba garinku ba ne, Wangara ake nufi, sunan da ya daɗe yana yawo a littattafan Larabawa game da fataken zinariya. Kada dillali ya sayar muku da ita da sunan taswirar garin kakanninku. A 1749 wani Bafaranshe, d'Anville, ya yi abin da ya cancanci yabo: ya share duk abin da ba shi da hujja a kai, ya bar tsakiyar Afirka fari. Wannan farin wuri shi ya tsokano tafiye-tafiyen da suka biyo baya.

Yanzu ga taswirar da nake so kowane ɗalibi a zauren nan ya san da zamanta. A 1824 Hugh Clapperton ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da suna zance kan kogin Kwara, Sarkin Musulmi ya zana masa yadda kogin yake tafiya a kan rairayi, daga baya kuma aka ba shi taswira a takarda, da sunaye cikin haruffan Larabci. Clapperton ya kai ta London, aka sassaƙa ta, ta fito a 1826 cikin littafin tafiyarsu shi da Denham da Oudney, da sunan Bello a kanta. Ku duba wannan da kyau. Ɗaya daga cikin tsofaffin taswirorin ƙasar Hausa da aka yanka a ƙarfe, tunaninta daga fadar Sakkwato ya fito. Duk wanda ya ce muku zanen ƙasa baƙon ilmi ne a wurinmu, ku nuna masa ita. Madugun da ya san zango nawa ne daga Agadas zuwa Tanut, wace rijiya ce ke ƙafewa da bazara, wace ce ruwanta ke da zartsi, taswira ce cikakkiya a kansa. Bambancin kawai shi ne ya ajiye ta a ƙwaƙwalwa, in an tambaye shi ya zana da yatsa a ƙasa. Wata masaniyar tarihi Bafaranshiya, Camille Lefebvre, ta bi diddigin wannan al'amari game da Nijar a littafinta na 2015, ta nuna yadda matafiyan Turai suka dogara da irin wannan zane na rairayi.

Sai mu zo kan Damargu kanta. A watan Maris na 1850 mutum uku suka tashi daga Tarabulus da yawun gwamnatin Ingila: James Richardson, shugaban tafiyar, da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Barth shi ne wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ɗakin da ya sauka a Agadas yana nan ana ziyartarsa. Sun bi ta Murzuk da Gat suka shigo Abzin, suka zauna ƙarƙashin kariyar Annur, babba a cikin Buzayen Kel Owi. Da ayarin gishiri ya tashi kudu a ƙarshen shekarar, cikinsa suka shiga, suka sauka Damargu a watan Janairu na 1851, a garin Tagelel. A nan ƙasar tamu tafiyar ta rabu. Richardson ya nufi Damagaram da niyyar wucewa Kukawa, bai kai ba, ya rasu a Ngurutuwa cikin watan Maris na shekarar. Barth da Overweg suka nufi wajen Tasawa, Overweg ya karkata Maraɗi da Gobir, Barth ya bi ta Gazawa da Katsina ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Shi ya sa in ka buɗe taswirorin wannan tafiya za ka ga layi ɗaya ya sauko daga Abzin, da ya iso Damargu ya yi rassa. Mai tara taswirorinmu nan ne cibiyar abin da yake nema.

Yaya Barth ya ja layin? Da kamfas da agogo da littafin aljihu. Duk lokacin da ayari ya karkata sai ya duba kamfas ya rubuta, ya duba agogo ya rubuta, ya ƙiyasta tafiyar raƙumi a sa'a guda. Da dare ya zauna da fatake da Buzaye da malamai yana tambaya: daga nan zuwa gari kaza kwana nawa, wa ke sarautar wurin, ina ake shan ruwa? Ya iya Larabci, ya koyi Hausa a hanya, da ita ya yi yawancin tambayoyinsa a wannan yanki. Ya ƙiyasta tsawon Damargu kamar mil 60, faɗinta kamar mil 40, ya yaba albarkar ƙasarta, ya lissafa garuruwanta, ciki har da Kulankarki da Ollelewa da Farara, da sunayen masu riƙe da su. Takardunsa suna isa Turai ta hannun masu ratsa Sahara, can kuma August Petermann ya zauna ya tattara su, ya gwama da awon taurari da Overweg ya yi, da wanda Eduard Vogel ya yi daga baya, ya mai da su taswira. Ya fara fitar da wasu a London a 1854, tun Barth bai koma ba. Cikakkun suka fito cikin littafin Barth mai juzu'i biyar, 1857 zuwa 1858, da Ingilishi a London, da Jamusanci a Gotha.

Ku tsaya ku ƙirga hannuwan da sunan Ollelewa ya bi kafin ya zauna a takarda. Wani mutumin ƙasar nan ya faɗa, watakila suna zaune gefen wuta. Bajamushe ya ji da kunnen baƙo ya rubuta yadda ya ji. Wani Bajamushen ya sa shi a wurin da lissafi ya nuna. Mai sassaƙa da bai taɓa ganin gero a gona ba ya yanka shi a juye. A ƙarshe ya fito Olalowa. Sunan Petermann yana ƙasan takardar, na Barth yana samanta, na mutumin farko kuwa babu. Wannan yana damuna ƙwarai, kuma shi ne dalilin da ya sa na yarda in tsaya gabanku. Mun san sunan Dorugu, yaron Dambanas ta ƙasar Kance da ya bi Barth har Ingila, don an rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa. Amma jagororin Damargu da suka nuna hanya da rijiya, taswirar ce kaɗai shaidar aikinsu. Sai da ɗan gari akan ci gari, wannan gaskiya ce ko a fagen ilmi.

Kuma an ci garin da ita, wannan ma kada mu ɓoye. Layin da Barth ya ja don ilmi, bayan shekara arba'in soja ne suka bi shi. Rundunar Faransa ta tattara rahotannin matafiya ta fitar da babbar taswirar Afirka mai falle 63, aikin hafsa Lannoy de Bissy, a shekarun 1880. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, ba tare da ɗayansu ya mallaki ƙasar da ake rabawa ba. A 1898 suka sake zama, suka kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato suka zagaya da'ira mai nisan mil 100, kudu na Ingila, arewa na Faransa. Da Faransawa suka zo bin hanyar da ta rage musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar babu isassun rijiyoyi, dole aka sake gyara iyakar a 1904 da 1906, aka tura ayarin Kyaftin Tilho daga 1906 zuwa 1909 ya bi ta da awo. Iyakar da ta raba ɗan Maraɗi da ɗan'uwansa na Katsina, a kan tebur aka haife ta, a kan takardu irin waɗannan. Ta nan gida kuma, ayarin Foureau da Lamy ya taso daga Agadas a watan Oktoba na 1899, ya ratsa Damargu, ya shiga Damagaram ranar 2 ga Nuwamba. Kundin taswirorin hanyarsu ya fito a 1905. Bayansu aka kafa bariki a Jajiduna kafin a dawo da shi nan Tanut. A 1922 Francis Rodd ya bi ta nan zuwa Abzin, littafinsa na 1926 ma yana da taswira.

Waɗannan na baya-bayan nan yawancinsu ba sassaƙar jan ƙarfe ba ce. Tun ƙarshen ƙarni na 18 Alois Senefelder ya ƙago bugun dutse, wanda ya fi sauƙi da araha, sannu a hankali ya kore tsohuwar sana'ar. Duk da haka ina ba da shawara a tara su, har da fallayen hukumar IGN ta Faransa masu ma'aunin 1 bisa 200,000 da aka yi daga hotunan jirgin sama a shekarun 1950 zuwa sama. Wanda ya tsaya kan sassaƙa kaɗai zai ƙare da 'yan takardu kaɗan masu kyau a ido. Wanda ya jera su duka, daga Petermann zuwa IGN, shi zai ga tarihin ƙasa yana motsi: garin da ya tashi, garin da ya ƙaura, tabkin da ya bushe, hanyar ayari da ta mutu bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gonaki da suka yi ta hawa arewa.

Wannan na ƙarshe ya kawo ni wurin da ya fi kowane nauyi, kuma sarakunanmu sun fi ni saninsa, don a ƙofarsu ake kai ƙara. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta ja iyakar noma ta arewa, layin kuma ta wannan ƙasa tamu ya ratsa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, ta 2010 ta ƙara bayani kan haƙƙin makiyaya. Kowace damina akwai maganar burtali da aka toshe, da rijiyar da ake jayayya kan wanda ya haƙa ta, da gonar da ta shiga makiyaya. Tsohuwar taswira tana da amfani a nan, domin takan nuna cewa rijiya kaza da sunanta tana nan tun 1851 ko 1899. Amma, Allah ya ba ku nasara, ina roƙon kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Shaida ce guda ɗaya, kuma shaidar baƙo mai wucewa. Barth da rani ya ratsa, kwanaki kaɗan ya yi, abin da ke nesa da hanyarsa da ji ya rubuta shi. Farin wuri a takardarsa ba ya nufin babu kowa a wurin, yana nufin bai bi ta can ba. Bafillatanin da ke kiwo da Buzun da ke sauka da tashi ba su cika barin alama a taswirar matafiyi ba, don shi gari mai bukkoki yake rubutawa. In aka ɗauki takardar da ba ta ga makiyayi ba aka kore shi da ita, an yi zalunci da sunan ilmi. A karanta ta tare da dattawan Dagirawa da na Hausawa da na Buzaye da na Fulani, kowa ya faɗi abin da ya gada, sannan ta zama mai amfani.

Ga mai son ya fara tarawa, ga yadda zai gane ta gaskiya. Ya shafa gefen zanen da yatsa a hankali: bugun allon ƙarfe yakan bar ɗan kwarmi kewaye da zanen, sawun bakin allon da injin ya danna, sai fa in an yanke gefen. Ya duba layukan da gilashin ƙara girma: na sassaƙa baƙi ne tsaf, mai kaifi, tawadar ta ɗan taso, na kwafin zamani kuwa ɗigo-ɗigo ne ƙanana. Ya ɗaga takardar a rana. Malamanmu sun san wannan tun tuni, don tsofaffin Alƙur'anai na rubutun hannu da yawa a kan takardar Italiya mai tambarin wata uku aka rubuta su, tambarin da ba a gani sai an ɗaga ta ga haske. Tsohuwar takardar taswira ma takan nuna tambari da siraran layuka a cikinta. Ya nemi sawun naɗi, don taswirar da ta fito daga littafi a naɗe take zuwa. Ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, inda ake sa sunan mai zane da mai sassaƙa da gidan bugu. Wajen nema a intanet kuma ya gwada rubutun kowace al'umma, Damerghu na Ingilishi, Damergu na Jamusawa, Damergou na Faransawa, in ba haka ba rabin kayan zai wuce shi. Ya kuma sani an sake buga littafin Barth a 1965, taswirorin wannan bugu kwafi ne, suna da amfani ga karatu amma ba tsofaffi ba ne.

Akwai abu biyu da nake ƙi a wannan kasuwa. Na farko, yanke taswira daga cikin lafiyayyen littafi don a sayar da ita ita kaɗai, abin da ke raba zane da bayaninsa. Na biyu, sayen abin da ba a san asalinsa ba. A 2005 an kama wani sanannen dillali a ɗakin karatu na Jami'ar Yale a Amurka, daga baya ya amsa cewa ya saci taswirori 97 daga manyan ɗakunan karatu. In an kawo maka takarda mai hatimin wata ma'aikata ko sawun an kankare hatimi, ka mayar, ka kuma sanar. Abin da aka sato daga ma'ajiyar gwamnati a Yamai ko Damagaram, daga aljihun jikokinmu aka sato shi.

Ajiya kuwa, ƙasarmu tana da nata abokan gaba: gara, ɓera, ƙurar hunturu, laimar damina, da rana mai cinye launi. A shimfiɗa takardar a kwance tsakanin fararen takardu masu tsabta, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa, nesa da bango. Kada a manna mata salatif, kada a bi layin da ya dushe da biro. Fiye da kome, kada a kai ta a liƙe ta cikin roba da zafi yadda ake yi wa katin shaida. Na ga tsohuwar takarda da mai ita ya yi wa haka don ƙauna, ba kuma yadda za a ɓare ta. In ana son a rataye a bango, a rataye kwafi, asalin ya zauna cikin duhu.

Na san wani zai ce, Malam, mutumin da ke lissafin buhun gero ina shi ina sayen takarda daga London? Gaskiyarsa. Shi ya sa tarin da nake kira gare shi na gari ne, ba na mutum ɗaya ba, kuma farkonsa ba ya bukatar dukiya. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya zuba dubban taswirori a shafinsa na Gallica kyauta. Tarin David Rumsey na Amurka haka. Ma'ajiyar Perthes a Gotha, inda Petermann ya yi aiki, tana riƙe da taswirori fiye da 180,000, an kuma ɗauki hoton da yawa daga cikin na Afirka. A gida akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da cibiyar IRSH da hukumar taswira ta ƙasa a Yamai, ga Jami'ar André Salifou a Damagaram da ɗalibanta na tarihi da labarin ƙasa. Abin da ake bukata shi ne a sauke hotunan masu kyau, a buga su da girma, a sami kabad ɗaya mai makulli a Tanut, ɗaya a Balbeji, da mutum guda mai amana da zai riƙe rajista. 'Ya'yanmu da ke Turai, in Allah ya hore wa ɗayansu ya ci karo da asalin fallen Petermann, ya saya wa garinsu. Gidajen sarauta da na tsofaffin ma'aikata su duba adakokinsu, don zanen hannu na wani kwamanda ko na wani malamin awo yana iya kwance a can ana ɗaukarsa tarkace.

Ku 'yan makaranta, ga naku aikin, kuma wannan hutun za a fara shi. Kowane aji ya ɗauki falle ɗaya. Ku ja layi uku a littafi: sunan yadda Bature ya rubuta, sunan yadda mutanen wurin ke faɗa, da abin da tsofaffi suka ce game da shi, ko yana nan, ko ya tashi, ko kufai ne, wa ya kafa shi, ina mutanensa suka koma. Ku rubuta sunan dattijon ko dattijuwar da ta gaya muku, da garinsu, da ranar, in sun yarda. Wannan karon kada sunan mai ba da labari ya ɓace. Ku tambayi mata musamman, su suka san rijiyoyi. Ku je rugage da zangon Buzaye, don wuri ɗaya yakan kasance da suna uku cikin harsuna uku, dukansu kuma a rubuta.

Na zo da kwafin sashen Damargu na taswirar Petermann, an buga shi da girma, ga shi nan za a shimfiɗa a kan tebur. Ina roƙon iyayenmu na Ollelewa da na Gangara su fara matsowa, ɗalibi ɗaya ya karanta musu sunayen da ƙarfi, ɗaya ya riƙe alƙalami. Mu fara da Tagelel da Farara da Kulankarki. Bayan haka sai a buɗe fagen tambayoyi.